Yadda Ake Tsara Gidan Zamani Mai Sanyi a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin da ke bayan garin Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram zai ga gini iri guda yana ta maimaita kansa: bangon bulon siminti mai rami a ciki, baƙin kwano mai tsini irin na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, faffaɗan gilashi yana kallon rana, tsakar gida kuma an malale ta da siminti ba a bar ko bishiya ɗaya ba. An kashe dukiya, gida ya yi kyan gani daga titi, amma da watan Afrilu ya kama sai iyali su kwashi tabarma su fito waje, domin ɗakin ya fi sararin Allah zafi har tsakar dare. Abin da wannan jagora ke son tabbatarwa shi ne, sanyin gida a kan takardar zane ake yanke shi tun kafin a haƙa harsashi, kuma mafi yawan dabarun da ake buƙata magabatanmu sun riga sun gano su. Aikin mai gini na yau shi ne ya ɗauki waɗannan dabaru, ya gyara inda suke da rauni da ilmin zamani, ya fitar da gidan da ya dace da rana da iskar ƙasarsa da kuma zaman iyalinsa.

Kafin a zana komai, sai an san yanayin da za a yi wa gini. Ƙasar Hausa tana da lokuta uku masu buƙatu mabambanta. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 ko ya haura, iska kuma busasshiya ce. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, iska mai danshi tana kaɗowa daga kudu maso yamma, amma hadari da guguwarsa galibi daga gabas suke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane shan dukan ruwa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska mai ƙura da sanyi tana zuwa daga arewa maso gabas, dare ya yi ɗari, rana ta yi ɗumi. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin asuba a lokacin rani, wadda takan kai digiri 15 ko fiye. Wannan tazara ita ce jarin mai gini. Gidan da ya iya tare zafin rana a waje, ya kuma shigo da sanyin dare ya adana shi, ya ci rabin yaƙin ba tare da wutar lantarki ba.

Maginan da suka gabata sun fahimci wannan sarai. Sun yi bango da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Sun yi rufin soro da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, suka ɗora ƙasa a kai, suka fitar da ruwa ta indararo. Da yake azara ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2 ba, sai suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin su rufe manyan ɗakuna. Sun yi shafe da makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso daga katsin marina, domin ruwa ya zame. Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da tsohon birnin Agadas da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, duk shaida ne a kan gwanintar. Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsohon gini yana da aibinsa: ɗakuna sun cika duhu, iska ba ta ratsa su sosai, gindin bango yana shan ruwa, rufi yana son yaɓe kowace shekara, giginya kuma ta yi ƙaranci. Don haka ba kwaikwayon tsohon gida ake nema ba. Hikimarsa za a ɗauka, a bar masa rauninsa.

Matakin farko shi ne fuskantar da gida. Ranar safe da ta la'asar suna zuwa ne a kwance, su daki bango kai tsaye, ba wata rumfa da ke iya tare su sosai. Ranar tsaka kuwa daga sama take, ɗan leɓen rufi ya isa ya kare bango daga ita. Saboda haka a shimfiɗa tsawon gini daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye masu tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye su kalli gabas da yamma. A tuna kuma cewa a Kano da garuruwan da ke layinta, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da tsakiyar sama, don haka bangon arewa ma yana son leɓen rufi, ba na kudu kaɗai ba. Ɓangaren yamma shi ne mafi zafi, sai a jera ɗakin ajiya da banɗaki da matakala ko garejin mota a can, su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Idan filin bai ba da damar haka ba saboda yadda titi ya bi, sai a kare bangon yamma da baranda, ko bishiya, ko katanga mai huji-huji da aka ɗan ja nesa da shi. A wannan mataki ne kuma ake duba alƙibla, wadda daga ƙasar Hausa take gabas da ɗan karkata arewa, domin kada masai ya fuskance ta ko ya ba ta baya.

Mataki na biyu shi ne tsarin ciki, kuma a nan ne al'ada ta fi shigowa. Gidan Bahaushe yana tafiya ne daga waje zuwa ciki mataki-mataki: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan tsakar gida da ɗakunan iyali. Wannan tsari ya warware matsalar da falon zamani ya kasa warwarewa, wato yadda za a karɓi baƙo cikin mutunci ba tare da an takura wa matan gida ba. Gidan zamani zai iya riƙe shi ko da a fili mai ƙafa 50 sau 50. A yi ɗakin baƙi a gaba da ƙofarsa ta waje, da banɗakinsa da wurin alwala, a kuma karkatar da ƙofar shiga ciki yadda idon mai tsayuwa a titi ba zai faɗa tsakar gida ba. Sauran ɗakuna su kewaye tsakar gida ta fuska biyu ko uku, kowane ɗaki da baranda a gabansa. Kada tsakar gidan ta yi faɗin da rana za ta kwana a cikinta. Idan faɗinta bai wuce ninki biyu na tsayin ginin da ke kewaye da ita ba, za ta samu inuwa safe da yamma. A nan ake girki, ake shanya, ake taron suna da biki, yara su yi wasa a gaban idon uwa. A tsara tun farko inda gida zai ƙaru, domin iyali ƙaruwa suke: ɗakin samari kusa da zaure, ɗakin tsofaffi a ƙasa ba hawa, harsashi kuma mai iya ɗaukar bene idan hali ya yi. Mai yin bene ya ɗaga tagoginsa ko ya juya su, kada su leƙa gidan maƙwabci.

Mataki na uku shi ne bango. Bulon siminti mai rami, musamman mai inci 6, yana barin zafi ya ratsa shi cikin 'yan sa'o'i. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 kuwa yakan jinkirta zafi kamar awa 8 zuwa 12, sai zafin azahar ya iso ciki bayan gari ya yi sanyi an buɗe tagogi. Hanyar da ta fi dacewa a yau ita ce bulon jan ƙasa da ake matsewa da inji. A kankare ƙasar sama mai saiwoyi a zubar, a ɗebi ta ƙasa. A gwada ta da kwalba: a zuba ƙasa zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Tsakuwa da yashi za su fara kwanciya, laushin ƙasa ya biyo, yumɓu ya zo ƙarshe bayan kwana guda. Ƙasar da ta dace da siminti ita ce wadda yashi ya fi rabinta, yumɓu kuma yake tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Idan yumɓu ya yi yawa sai a ƙara yashi. A tankaɗe ta, a haɗa ma'auni ɗaya na siminti da ma'auni 12 zuwa 20 na ƙasa tun suna bushe, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. A dunƙula a hannu, a sake ta daga tsayin ƙugu: idan ta fashe gida huɗu ko biyar, ruwan ya yi daidai, idan ta baje gari, ta bushe, idan ta lafe a dunƙule, ruwa ya yi yawa. A matse bulon cikin awa guda da kwaɓawa, a jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa mako ɗaya zuwa biyu, kuma kada a yi gini da shi sai ya cika kwana 28. Kafin a buga da yawa, a jiƙa 'yan kaɗan a ruwa kwana guda; wanda ya narke, haɗinsa bai yi ba.

Maƙiyin bangon ƙasa ruwa ne, kuma daga ƙasa ya fi cin sa. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, a ɗaga shi aƙalla santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasar waje, fiye da haka a inda ruwa ke kwanciya, a shimfiɗa leda ko kwalta a kansa kafin a ɗora layin farko na bulo. A zagaye ginin da ɗan dakali mai gangara domin ruwan rufi ya gudu daga gindin bango. A saman tagogi a zuba linta mai rodi ta kewaye gidan gaba ɗaya, ita ce ke ɗaure bangaye, ita ce kuma za a ɗaure rufi a jikinta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lafta filastar siminti mai ƙarfi a kan bangon tubali zalla. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare, sai filastar ta tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Bulon inji mai kyau ba ya buƙatar filasta idan rufi ya kare shi, in ban da bangon gabas. Wanda kuwa ya riga ya sayi bulon siminti, to ya yi amfani da mai inci 9, ya cika ramukansa da busasshiyar ƙasa mai yashi, ya shafa farin fenti a waje, ya kuma yi wa bangon inuwa.

Mataki na huɗu shi ne rufi, wanda a gida marar bene ta nan mafi yawan zafi ke shigowa. Baƙin kwano yana shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa sama, don haka zaɓen launi kaɗai babban mataki ne da ba ya cin ƙarin kuɗi. Tsari mafi inganci shi ne rufi biyu. Na ƙasa ya zama mai nauyi, ko dai baka na bulon ƙasa ko kankare, ko aƙalla silin mai kauri da aka shimfiɗa wa abin tare zafi. Na sama ya zama farin kwano da aka ɗaga kamar rabin mita ko fiye, a bar gefensa a buɗe iska ta riƙa wucewa, tamkar malafar da ke inuwantar da kai ba tare da ta manne masa ba. A sa raga a buɗaɗɗen gefen saboda tsuntsaye da jemagu, a kuma ɗaure ƙarafan rufin da linta sosai saboda guguwar farkon damina. Leɓen kwanon ya fito santimita 60 zuwa 90 daga bango. Tsayin ɗaki kada ya gaza mita 3, domin iska mai zafi sama take tashi. Ga wanda ba ya son katako ko kwano, akwai dabarar rufin baka irin ta Nubiya, wadda wata ƙungiya ke yaɗawa daga Burkina Faso tun shekarar 2000. Da tubalin ƙasa zalla ake yin ta, tana rufe ɗaki mai faɗin mita 3 da ɗan ɗoriya, tsawonsa kuwa yadda ake so.

Mataki na biyar shi ne tagogi. Kowane ɗakin kwana ya samu mafita biyu a bangaye daban-daban, ɗaya ƙasa-ƙasa ta ɓangaren inuwa, ɗaya can sama kusa da silin inda zafi zai fice. Tagar gilashi mai zamewa rabinta kawai ke buɗewa, ga shi tana shigo da rana; mai buɗewa gaba ɗaya ko mai falle-falle ta fi ta amfani. Ragar sauro dole ce, amma tana rage iska, don haka a ɗan faɗaɗa tagar domin a rama. Tagogin arewa da gabas su samu marufi na katako ko ƙarfe da za a rufe ruf lokacin ƙurar hunturu. Sannan akwai ladabin amfani da gidan: da bazara a rufe tagogi da hantsi kafin iskar waje ta yi zafi, a buɗe su bayan magariba har wayewar gari. Gidan ƙasa da aka bar tagoginsa a buɗe da rana aka rufe su da dare, an juya masa aikinsa ne.

Mataki na shida shi ne ruwa da itatuwa. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a garin da ke samun milimita 800 a shekara yana karɓar lita 80,000. A sa masa magudana zuwa tanki, a bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube. A nisanta ramin masai daga rijiya aƙalla mita 15, mita 30 ta fi. A tsakar gida a bar ƙasa ko tsakuwa maimakon malalen siminti da ke tara zafi ya dawo da shi da dare, a dasa lemun tsami, gwaiba ko zogale. Manyan itatuwa irin darbejiya da mangwaro a sa su yamma da gida, 'yan mitoci nesa da harsashi. Ado kuma yana da muhallinsa: zankwaye a kan zaure, zanen dagi a saman ƙofa, bakan gizo a falo. Sai dai adon da aka manna a kan gida mai zafi bai mayar da shi gidan Hausa ba, tsarin zama da jin daɗin ciki su ne asali.

Za a ce gidan ƙasa na talaka ne, mai hali ba zai koma inda ya baro ba. Wannan magana tana da tushe, domin abin da mutane suka sani shi ne ginin ƙasa marar harsashi. Amma abin da ake ginawa a maƙwabtanmu ya ƙaryata ta. Masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mai zanen gini Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala gidaje masu bene na bulon ƙasa a Yamai a 2016, waɗanda aka sa wa suna Niamey 2000, domin masu matsakaicin hali, sannan a 2018 aka kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a ƙauyen Dandaji da ke Nijar da irin wannan bulo. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da ɗagaggen kwano, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. Abin da duniya ke karramawa, bai kamata mu da muka gaje shi mu riƙa jin kunyarsa ba.

Za a kuma ce kowace damina gidajen ƙasa ne ke rushewa. Haka ne, amma a duba waɗanda suka faɗi: yawanci ba su da ɗagaggen harsashi, ko an gina su a hanyar ruwa, ko kwata ta toshe ruwa ya kwana a gindinsu, ko rufi ya daɗe yana yoyo. Duk waɗannan an yi maganinsu a matakan da suka gabata, kuma filin da ambaliya ke ci bai dace da kowane irin gini ba. Batun tsada ma yana son adalci. Inda jan ƙasa take kusa, bulon inji yana rage siminti da filasta da fenti. Inda sai an ɗauko ta daga nesa, ko babu ƙwararrun ma'aikata, yana iya kamo kuɗin bulon siminti ko ya wuce. Rufi biyu kuwa ya fi rufi ɗaya tsada, babu musu. Amma lissafin gida ba ya ƙarewa ranar tarewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga wasu layuka a 2024, kowa ya ga abin da sanyaya gida da janareta ke ci. Ƙarin kuɗin rufi sau ɗaya ake biyansa, kuɗin mai kuwa kullum ne.

Saura mai cewa na'urar sanyaya ɗaki ta wadatar. Babu mai hana sa ta, kuma akwai darare a Afrilu da Mayu da iskar waje kanta ba ta sanyi, bango mai kauri yana riƙe da ɗumi, dole a nemi fanka ko a kwana a baranda ko saman soro kamar yadda aka saba. Sai dai na'urar ta fi aiki a ɗakin da aka kare daga rana, ƙarama ta wadatar, sola kaɗan ta ɗauke ta, kuma ranar da wuta ta ɗauke gidan bai zama kurkuku ga jarirai da tsofaffi da marasa lafiya ba. Kyakkyawan tsari bai kori na'ura ba, ya dai rage dogaro da ita.

Don haka, ya kai mai shirin gini, kafin ka sayi buhun siminti na farko, je filinka da la'asar ka ga inda rana ke faɗuwa, ka koma bayan an ɗauke ruwa ka ga inda yake bi. Ka nemi ƙwararren mai zanen gini da injiniya, ka zaunar da su tare da gogaggen magini da uwargida, domin ita ta fi kowa wuni a cikin gidan. Ka tambaye su ina ɗakunan kwana suka kalla, wane kauri bango zai yi, ta ina zafi zai fita, ina baƙo zai zauna, sannan ka kai zanen ga hukumar tsara birane ta amince. Hukumomi da makarantun koyon sana'a su ma su horar da matasa aikin bulon ƙasa, su fara da azuzuwa da asibitocin da suke ginawa. Gidan da za ka gina yau 'ya'yanka da jikokinka ne za su zauna a cikinsa, to ka gina musu wanda za su iya kwana a ciki da bazara ko da babu wuta.